BABI NA UKU: Tarihin Rabuwar Furosesar Kwamfutar Tebur da ta Uwar-garke

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke aiwatar da umarni a cikin kwamfuta, an kuma nuna yadda take haɗuwa da ma'adanar aiki da sauran sassa a bisa babban allo. Wannan babi kuma zai bi diddigin tambaya guda ɗaya. Tambayar ita ce, me ya sa kamfani ɗaya zai ƙera furosesa iri biyu a shekara ɗaya, ya ce wannan ta kwamfutar tebur ce, ita kaɗai take zama a kan allo, waccan kuwa ta uwar-garke ce, tana zama tare da 'yan'uwanta biyu ko huɗu ko takwas, sannan ya ninka kuɗin ta biyun sau da yawa? Abin da ake nufi da uwar-garke a nan shi ne kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, kamar wadda ke riƙe da asusun ajiya na banki ko wadda ke ɗauke da shafukan intanet.

An daɗe ana ba da amsa iri biyu. Masu ƙerawa suna cewa bambancin na fasaha ne, masu saye da yawa kuma suna cewa shinge ne kawai na kasuwa. Matsayin wannan nazari shi ne, kowace amsa tana da nata kason gaskiya, amma kason ya riƙa sauyawa daga zamani zuwa zamani. Za a taƙaita bayani a kan furosesocin kamfanonin Intel da AMD na ƙasar Amurka, daga shekarar 1989 zuwa 2017, domin a wurinsu ne furosesar tebur da ta uwar-garke suka fito daga tsatso ɗaya.

3.1 Matsalar Zaman Furosesa Biyu a Allo Ɗaya

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to amma masu ɗaukar jinka sai sun daidaita tafiyarsu, in ba haka ba jinkar ta karkace. Haka abin yake ga furosesa. Idan aka ɗora biyu a kan allo ɗaya, suna amfani da ma'adanar aiki ɗaya da titin bayanai ɗaya, dole a sami ƙa'idar da za ta raba musu lokacin hawa titin. Dole kuma a sami sashen da zai yanke hukuncin wace furosesa ce za ta amsa idan faifan ajiya ko katin sadarwa ya yi kira.

Matsalar da ta fi waɗannan wuya ita ce ta ma'ajiyar kusa. Kowace furosesa tana da 'yar ƙaramar ma'ajiya mai sauri a jikinta, inda take kwafe bayanan da take yawan buƙata don kada ta riƙa zuwa babbar ma'adana kowane lokaci. Za a iya kwatanta wannan da akawu biyu a kanti ɗaya, littafin bashi ɗaya ne, amma kowanensu yana da ɗan littafin aljihu da yake kwafe lissafi a ciki. Idan na farko ya karɓi kuɗi daga hannun wani mai bashi ya rubuta a littafin aljihunsa kawai, na biyu zai ci gaba da aiki da tsohon lissafi. Domin kauce wa haka, furosesocin sukan saurari juna a kan titin bayanai, kowace ta san ko kwafin da ke hannunta yana nan daidai, ko an sauya shi a wani wuri, ko ya zama tsohon zance. Tsarin da ya fi shahara a wannan fage shi ne MESI, wanda aka bayyana a Jami'ar Ilinoi a 1984, kuma da shi furosesar Pentium ta yi aiki. Abin lura a nan shi ne, wannan sauraron juna yana cin lokaci, kuma yana ƙaruwa idan furosesocin suka ƙaru. Saboda haka furosesa biyu ba sa ba da ninki biyu cif na aikin ɗaya, huɗu kuma sun fi biyu wuyar daidaitawa nesa ba kusa ba.

Daɗin daɗawa, sai babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ta san yadda za ta raba aiki. Windows NT, wadda ta fito a 1993, ta iya wannan, haka ma Linux daga siga ta 2.0 a 1996. Windows 95 da Windows 98 kuwa furosesa ɗaya kawai suke gani ko da an ɗora biyu. Wannan ya sa tun asali mai kwamfutar gida ba shi da dalilin neman furosesa ta biyu.

3.2 Kafin a Kafa Shinge

Kwamfuta mai furosesa fiye da ɗaya ta girmi kwamfutar tebur. Kamfanin Burroughs ya fitar da D825 a 1962, kuma kamfanin Sequent ya haɗa furosesocin Intel 80386 da yawa a injinsa mai suna Symmetry a 1987. A watan Nuwamba 1989 kamfanin Compaq ya fitar da SystemPro, wadda ke iya ɗaukar 80386 guda biyu. A duk waɗannan injuna na Sequent da Compaq, furosesar ita ce dai wadda ke cikin kwamfutar ofis. Hikimar haɗa su tana kan allo ne, kuma kowane kamfani da irin tasa dabarar, shi ya sa injunan suka yi tsada.

Intel ya fara shigar da wannan hikima cikin furosesar kanta a 1994, lokacin da ya fitar da Pentium mai gudun megahaz 90 da 100, wadda ke da sashen rarraba kira mai suna APIC a cikinta, kuma tana iya zama da 'yar'uwarta ba tare da ƙarin kayan haɗi masu yawa ba. A wannan shekara kuma ya wallafa ƙa'idojin da masu ƙera allo da masu rubuta manhaja za su bi. AMD da Cyrix sun kawo nasu tsarin mai suna OpenPIC, amma masu ƙera allunan irin waɗannan kwamfutoci ba su karɓe shi ba, don haka fagen ya zama na Intel shi kaɗai har zuwa 2001.

Furosesa ta farko da Intel ya ƙera da niyyar manyan injuna ita ce Pentium Pro, a Nuwamba 1995. An sanya ma'ajiyar kusa ta mataki na biyu, mai kilobayit 256 ko 512, daga baya har megabayit 1, a cikin kwanso ɗaya da furosesar, tana gudu daidai da ita. Tana iya zama har huɗu a titi ɗaya, tana kuma iya kaiwa ga ma'adana mai gigabayit 64. Da irinta sama da 9,000 aka gina ASCI Red a ɗakin bincike na Sandia a Amurka, injin da ya fara yin lissafi tiriliyan ɗaya a daƙiƙa a ƙarshen 1996. Sai dai tana da tsadar ƙerawa, domin idan ɗaya daga cikin gutsuren silikon biyu da ke cikin kwanson ya lalace, duka biyun an yi asararsu. Har ila yau ba ta taɓuka abin kirki a kan tsofaffin manhajoji irin waɗanda suka cika Windows 95.

Pentium II, wadda ta biyo baya a Mayu 1997, ta rage wannan tsada ta hanyar fitar da ma'ajiyar kusa mai kilobayit 512 zuwa gefe a kan ɗan kati, tana gudu da rabin saurin furosesar. Duk da cewa don tebur aka yi ta, an bar ta da ikon zama biyu. Ke nan har zuwa tsakiyar 1998, mai buƙatar furosesa biyu zai iya sayen ta tebur guda biyu ya ɗora a allon da ya dace, da amincewar kamfanin.

3.3 Shekarar 1998: Xeon a Sama, Celeron a Ƙasa

A wannan shekara ce Intel ya raba gida uku. A watan Afrilu ya fitar da Celeron don kwamfutoci masu araha, a watan Yuni kuma ya fitar da Pentium II Xeon don uwar-garke da injunan ƙwararru, Pentium II ta zauna a tsakiya. Cibiyar lissafin dukkansu kusan ɗaya ce. Abin da ya bambanta su shi ne kayan da aka kewaye cibiyar da su.

Ba za a musa cewa Xeon ta zo da abubuwa na haƙiƙa ba. Ma'ajiyar kusa da ke jikinta tana gudu daidai da furosesar, kuma girmanta ya kama daga kilobayit 512 zuwa megabayit 2. Gurbinta, Slot 2, yana da mahaɗin lantarki 330, alhali Slot 1 na Pentium II yana da 242. Tana da ma'aunin zafi da ɗan rumbun bayanai game da kanta, waɗanda manhajar kula da uwar-garke ke iya karantawa. Tare da cifset 450NX tana zama huɗu, tana kuma aiki da ma'adana har gigabayit 8. Babbar ma'ajiyar kusa tana da muhimmanci na musamman a inda furosesa huɗu ke rabon titi ɗaya, domin duk bayanin da furosesa ta samu a jikinta ya rage cunkoso a titin ke nan.

Amma farashin ya nuna cewa akwai wani lissafi bayan na fasaha. Xeon mai megahaz 400 da kilobayit 512 ta fito a kan dala 1,124, mai megabayit 1 kuwa dala 2,836. A Janairu 1999 mai megahaz 450 da megabayit 2 ta kai dala 3,692. A ɗaya gefen, a watan Agusta 1998 an fitar da Pentium II mai megahaz 450 a kan dala 669, da Celeron 300A a kan dala 149. Kamfanin da ke sayen uwar-garke don riƙe asusun dubban abokan ciniki ba ya auna furosesa da kuɗin furosesar gida, yana auna ta ne da kuɗin injunan Sun ko IBM da zai saya in babu ita, kuma da wannan ma'auni Xeon araha ce. Intel ya san haka, ya kuma san cewa wannan riba ba za ta dore ba muddin furosesa mai araha tana iya yin aikin mai tsada.

3.4 Celeron Biyu da Allon BP6

A nan ne tarihin ya ɗauki wani salo da kamfanin bai tsara ba. Celeron ta farko ba ta da ma'ajiyar kusa ta mataki na biyu kwata-kwata, kuma ta sha suka saboda rashin ƙarfi. Domin gyara wannan, 300A ta zo da kilobayit 128 a cikin gutsuren silikon kansa, tana gudu daidai da furosesar, abin da Pentium II mai tsada ba ta da shi. Nan da nan masu sha'awar kwamfuta suka gano cewa idan aka ɗaga gudun titin bayanai daga megahaz 66 zuwa 100, yawancin 300A suna aiki lafiya lau a megahaz 450.

Ba a jima ba kuma wasu a ƙasar Japan suka gano abin da ya fi wannan. Intel ya ce Celeron ba ta zama biyu, amma ikon yana nan a cikin silikon, an dai ƙi haɗa wani layin sigina mai suna BR1 da gurbin allo, wanda ta kansa ne furosesa ke neman izinin hawa titi a gaban 'yar'uwarta. Da ɗan huji da sirirriyar waya da dalma, sai layin ya haɗu, Celeron biyu su tashi tare. Aiki ne mai haɗari, kuskure kaɗan ya isa ya kashe furosesar. To amma a farkon 1999 Intel ya mayar da Celeron zuwa soket mai ƙafafu 370, sai masu ƙera katin da ke haɗa sabon soket da tsohon gurbi suka riƙa jona layin tun daga masana'anta. Daga nan kamfanin Abit na Taiwan ya fitar da allon BP6 a 1999, mai soket biyu da cifset 440BX na Intel ɗin kansa, ba huji ba dalma. Ɗalibi ko ƙaramin mai rubuta manhaja zai sayi Celeron 366 guda biyu, ya ɗaga su zuwa megahaz 550 in ya yi sa'a, ya ɗora Linux ko Windows NT ko BeOS, ya sami injin furosesa biyu a kan kuɗin da bai kai na Xeon guda ɗaya ba.

Ya kamata a yi adalci wajen auna abin da BP6 ya tabbatar da wanda bai tabbatar ba. Ya tabbatar da cewa hana Celeron zama biyu hukunci ne na kasuwa, tunda waya ɗaya ta warware shi. Amma bai mayar da Celeron ta zama Xeon ba. Allon ba ya ɗaukar fiye da megabayit 768 na ma'adana, ba a wuce furosesa biyu, kilobayit 128 ya yi kaɗan ga babban rumbun bayanai, kuma babu kamfanin da ya tsaya wa wannan haɗi da garanti. Wanda ke harhaɗa manhaja ko sarrafa hoto a ɗakinsa zai iya jure wa kwamfutar da ke sandarewa jefi-jefi, banki kuwa ba zai iya ba. Kasuwar da BP6 ya yi wa barazana ita ce ta Pentium II da Pentium III guda biyu, wato ta tsakiya, ba ta injunan furosesa huɗu ba.

Intel bai bar ƙofar a buɗe ba. Celeron da ta fito a 2000 a kan cibiyar Coppermine an kashe mata wannan iko a ciki, inda waya ba ta kaiwa. Pentium III ta ci gaba da zama biyu na ɗan lokaci, amma a jerin Tualatin na 2001 an keɓe amincewar ga Pentium III-S mai kilobayit 512. Pentium 4 kuwa, wadda ta fito a Nuwamba 2000, tun daga ranar farko ita kaɗai take zama. Mai son biyu sai ya koma ga Xeon ta 2001, mai soket dabam mai ƙafafu 603, mai son huɗu kuma sai Xeon MP ta 2002, wadda aka ƙara wa ma'ajiya ta mataki na uku.

3.5 AMD da Gadar L5

AMD ya shigo fagen a Yuni 2001 da Athlon MP da cifset 760MP. Titin bayanan Athlon an aro shi ne daga furosesar Alpha ta kamfanin DEC, inda kowace furosesa ke da nata layi zuwa cifset maimakon su yi rabon titi ɗaya. Bayan watanni huɗu aka fitar da Athlon XP don tebur, a kan cibiya ɗaya da soket ɗaya, kuma na farko-farkonta suna zama biyu ba tare da an taɓa komai ba. Daga baya kamfanin ya riƙa yanke wata 'yar gada ta jan ƙarfe a saman kwanson, cikin rukunin da aka yi wa lamba L5. Masu saye kuma suka riƙa cike gurbin da fenti mai ɗaukar lantarki, allo ya ga XP a matsayin MP. Hujjar AMD ita ce, MP an gwada ta musamman a zaman biyu kafin a sayar, XP kuwa ba a gwada ba. Hujjar ba ta banza ba ce, domin gwaji kuɗi ne, amma abin mamaki ne kamfanin da ya shigo a matsayin mai karya farashin Intel ya ɗauki dabarar Intel cikin shekara guda.

3.6 Lokacin da Bambancin ya Shiga Cikin Gini

Sauyi mafi girma ya zo ne da Opteron ta AMD a ranar 22 ga Afrilu 2003. Kafin ita, sashen kula da ma'adana yana cikin cifset, duk furosesocin suna bi ta kansa. Opteron ta shigar da wannan sashe cikin furosesa, don haka kowace furosesa ta sami nata kason ma'adana a gefenta, kuma furosesocin suna magana da juna kai tsaye ta mahaɗai masu suna HyperTransport. Amfanin haka shi ne, duk furosesar da aka ƙara ta zo da nata hanyar zuwa ma'adana, cunkoso bai ƙaru kamar da ba. Illarsa kuma ita ce, bayanin da ke ma'adanar maƙwabciya ya fi na gida nisa, don haka dole babbar manhaja ta koyi ajiye kowane aiki kusa da bayanansa.

Daga wannan lokaci, yawan furosesocin da za su zauna tare ya dogara ga yawan mahaɗan da ke iya ɗaukar saƙon daidaita ma'ajiya. Opteron tana da mahaɗai uku. A jerin 100 babu ko ɗaya da ke ɗaukar wannan saƙo, a jerin 200 guda ɗaya ne, a jerin 800 kuwa duka ukun ne, shi ya sa take kaiwa takwas. Athlon 64 ta tebur, wadda ta fito a Satumba 2003, mahaɗi ɗaya soket ɗinta ya fitar, kuma na zuwa cifset ne. Babu fenti ko waya da zai samar da ƙafafun da babu su. Intel ya bi wannan tafarki da ginin Nehalem: Core i7 ta Nuwamba 2008 tana aiki da mahaɗin QPI guda ɗaya, Xeon 5500 ta Maris 2009 tana da biyu, Xeon 7500 ta 2010 kuma huɗu.

Wani abin sha'awa a wannan zamani shi ne, kaya sun fara gangarowa daga sama zuwa ƙasa. Da gasa ta yi zafi a 2003, Intel ya ɗauko cibiyar Xeon MP mai megabayit 2 na ma'ajiya ta uku ya sayar da ita da sunan Pentium 4 Extreme Edition, AMD kuma ya sayar da Athlon 64 FX-51, wadda Opteron ce a soket mai ƙafafu 940 aka sauya wa suna. Dabarar Hyper-Threading ma a Xeon ta fara bayyana a farkon 2002 kafin ta iso Pentium 4 a Nuwamba na wannan shekara. Shekaru bayan haka, da tsofaffin Xeon na soket 771 suka cika kasuwar gwanjo, mutane suka riƙa manna musu ɗan siririn tambari mai musanya mahaɗai biyu, suna ɗora su a allon tebur mai soket 775, amma guda ɗaya kawai.

Akwai kuma batun ma'adana mai gyara kuskure, wadda ake kira ECC. Irin wannan ma'adana tana ɗauke da ƙarin bit takwas a kan kowane 64, tana gyara kuskuren bit ɗaya, tana kuma gano na biyu. Wani bincike da aka gudanar a kan injunan Google aka wallafa a 2009 ya nuna cewa sama da kashi 8 cikin ɗari na sandunan ma'adana suna samun kuskure aƙalla sau ɗaya a shekara. Injin da ke da sanduna masu yawa, yana aiki dare da rana, ba zai yi wasa da wannan ba. Har ila yau ma'adanar uwar-garke tana da ɗan cif mai karɓar sigina ya sake aika shi, don furosesa ta iya ɗaukar sanduna da yawa, ko da yake yana jawo ɗan jinkiri. Buƙatar gaskiya ce. Amma a nan ma akwai hannun kasuwa, domin Intel ya daɗe yana hana Core i5 da i7 na tebur amfani da ECC alhali wasu ƙananan Core i3 suna yi, sai a 2022 ya sassauta ta hanyar cifset W680.

3.7 Cibiyoyi da Yawa a Kwanso Ɗaya

Abin da ya kashe sha'awar furosesa biyu a kan tebur ba shinge ba ne, ci gaban ƙira ne. IBM ya sanya cibiya biyu a gutsuren silikon ɗaya a POWER4 tun 2001, kuma a 2005 Pentium D da Athlon 64 X2 suka kawo cibiya biyu cikin kwamfutar gida. Abin da masu BP6 suka nema da wahala ya zama kayan kowa. An yi ƙoƙarin farfaɗo da soket biyu don masu wasannin kwamfuta, AMD da Quad FX a ƙarshen 2006, Intel kuma da Skulltrail a Fabrairu 2008, inda kowace furosesa ta kai dala 1,499, kuma Xeon ce aka lulluɓe da sunan Core 2 Extreme. Duka biyun ba su yi kasuwa ba. Masu sayar da manhaja ma sun lura cewa ƙidaya soket ta daina nuna ƙarfin inji, shi ya sa Microsoft ya koma karɓar kuɗin lasisi bisa yawan cibiyoyi a SQL Server 2012 da Windows Server 2016.

Shekarar 2017 ta ba da misali mafi bayyana na inda aka kwana. AMD ya ƙera gutsuren silikon iri ɗaya mai cibiya takwas. Ya sanya guda ɗaya a kwanso ya kira shi Ryzen 7 1800X, mai gudun gigahaz 3.6 da hanyoyin ma'adana biyu, a kan dala 499. Ya sanya guda huɗu a babban kwanso ya kira shi EPYC 7601, mai cibiya 32 da hanyoyin ma'adana takwas da layukan PCIe 128, amma gudunta gigahaz 2.2 ne, a kan dala 4,200. Ta tebur ta fi gudu a aiki guda, ta uwar-garke ta fi ɗaukar ayyuka da yawa a lokaci ɗaya, kuma an rage mata gudu ne don zafin cibiyoyi 32 ya tsaya a iyakar abin da za a iya sanyayawa. Idan aka haɗa EPYC biyu na jerin 2017 a allo, rabin layukan kowace suna komawa aikin magana da 'yar'uwarta, saboda haka injin mai soket biyu ba ya samun ƙarin layukan waje fiye da mai soket ɗaya. Wannan bambanci na gini ne, ana iya ganinsa da ido a girman kwanson da yawan ƙafafun soket.

To amma a cikin jerin na EPYC kansa akwai guda biyu da suka cancanci a ajiye su gefe da gefe. EPYC 7551 da EPYC 7551P duka suna da cibiya 32, gudu ɗaya na gigahaz 2.0, soket ɗaya, hanyoyin ma'adana takwas, da wutar wat 180. Harafin P yana nufin an kulle furosesar ta zauna ita kaɗai. An sayar da mai harafin P a kan dala 2,100, maras harafin kuma dala 3,400, wato dala 1,300 ne kuɗin izinin zama a soket na biyu, a kan kowace furosesa.